Darasin Kimiyyar Sauti: Yadda Ake Sa Gangar Kwamfuta Ta Yi Kiɗa Irin Na Hannun Mutum

Manufar darasi

Ɗalibai, darasinmu na yau ya shafi wata matsala da duk mai haɗa kiɗa da kwamfuta ya san ta. Za a jera bugun ganga a manhaja, kowane bugu ya faɗa gurbinsa, babu kuskure ko ɗaya, amma da an kunna sai a ji kiɗan a sandare, ba ya motsa kowa. Makaɗi kuwa, da gangarsa guda da gularsa, sai ya tayar da taro tsaye.

A ƙarshen darasin ana so kowannenku ya iya abu uku: ya bayyana yadda kwamfuta ke adana bugun ganga, ya faɗi dalilan da suka hana bugu biyu na mutum zama iri ɗaya, ya kuma san yadda ake saita manhajar samfila ta bi waɗannan dalilai. Ku riƙe wannan tun daga farko: duk wata gocewa da ke cikin kiɗan mutum tana da sanadi, kuma tana da alaƙa da wadda ta gabace ta. Wanda ya gane sanadin shi ke iya sa wa kiɗan kwamfuta rai.

1. Yadda kwamfuta ke adana bugu

Idan aka bugi ganga, fatarta tana girgiza, ta riƙa tura iska tana janyo ta. Wannan hawa da saukar matsin iska shi ne sauti. Makirfo yana mayar da shi lantarki, ita kuma kwamfuta ta riƙa auna ƙarfin lantarkin a kai a kai tana rubuta sakamakon da lambobi. A ma'aunin faifan CD, wanda ya shigo kasuwa a 1982, ana awon sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma kowane awo yana ɗaukar lamba ɗaya daga cikin matakai 65,536. An zaɓi wannan yawan awo ne saboda kunnen mutum yana jin girgiza daga sau 20 zuwa kusan sau 20,000 a daƙiƙa, kuma ƙa'idar da ta fito daga aikin Harry Nyquist da Claude Shannon ta nuna cewa dole yawan awo ya haura ninki biyu na girgiza mafi sauri da ake son kamawa.

Bugu ɗaya da aka ɗauka haka aka ajiye shi ne samfur. Samfila kuwa ita ce manhajar da ke riƙe samfura tana kunna su idan an umarce ta. Umarnin yana zuwa ne ta tsarin MIDI, wanda ya fito a 1983. Saƙon MIDI ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan. Abin da yake faɗa wa samfila shi ne wace ganga za a buga, yaushe, kuma da wane ƙarfi. A jerin da aka fi amfani da shi, lamba 36 ita ce kik, wato babbar gangar da ake takawa da ƙafa; 38 siniya, ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙarƙashinta; 42 hayhat a rufe, wato farantai biyu na tagulla da ake haɗewa da feda; 46 kuma hayhat a buɗe. Ƙarfin bugu yana tafiya daga 1 zuwa 127.

A farkon lamarin, wurin ajiya shi ne babban cikas. Na'urar LM-1 da Roger Linn ya fitar a Amurka a 1980 ita ce na'urar kiɗan ganga ta farko da ta yi aiki da samfuran gangunan gaske. Kuɗinta ya kai kusan dala 5,000, amma duk da haka ba a sa mata manyan farantai masu doguwar ƙara ba, domin ma'ajiyar da za ta ɗauke su ta yi tsada. Kowace ganga samfur ɗaya tak gare ta. Yau manhajoji irin su Kontakt, wadda kamfanin Native Instruments na Balin ya fitar a 2002, da Superior Drummer, da FPC da ke cikin FL Studio, da Drum Rack na Ableton Live, suna iya riƙe samfura masu ɗimbin yawa. Wuri ya samu, saura sanin abin da za a zuba a ciki.

2. Abin da ke faruwa a kan fata

Tsirkiyar garaya da fatar ganga ba sa girgiza iri ɗaya. Idan tsirkiya tana girgiza sau 100 a daƙiƙa, sauran muryoyin da ke rakiyarta suna faɗawa a 200, 300, 400, a jere. Fata mai da'ira kuwa, a lissafi, idan muryarta ta ƙasa tana 100, masu bin ta suna wajen 159, 214, 230 da 265. Kowace daga cikinsu wani salo ne na motsin fatar: a wani salon fatar gaba ɗaya ce ke hawa da sauka, a wani rabinta na hawa rabi na sauka, a wani kuma tsakiya na hawa gefe na sauka.

Abubuwa uku ne ke zaɓar waɗanda za su fito fili.

Na ɗaya, wurin da aka buga. Bugun tsakiya yana tayar da salon da fatar ke motsi gaba ɗaya, sai a ji kakkaurar murya. Bugun gefe yana tayar da sauran, sai murya ta yi siriri tana amsa kuwwa. Babu makaɗin da gularsa ke sauka a ɗigo ɗaya sau biyu.

Na biyu, ƙarfin bugu. Bugu mai ƙarfi yana ƙara sauti, yana kuma canza launinsa, domin yana tayar da siraran muryoyi da yawa, shi ya sa ake jinsa da kaifi. Ban da haka, yana miƙar da fata na ɗan lokaci, murya ta ɗan hau sannan ta zamo ƙasa yayin da girgizar ke lafawa.

Na uku, halin da gula ta tarar da fata. Idan an yi saurin maimaita bugu, na biyu yana sauka ne a kan fatar da ba ta gama girgizar na farko ba, don haka sakamakonsa daban ne.

Gwaji na farko. Ku ɗauki samfur ɗaya na siniya ku sa shi a layi biyu na manhaja, su fara a lokaci guda. Ku danna maɓallin da ke kifar da igiyar sauti a layi ɗaya, inda take hawa ta koma sauka. Ku kunna. Za ku ji shiru tsit, domin kowace lamba ta haɗu da kishiyarta sun kashe juna. Yanzu ku ɗauki tafi biyu na hannunku, ku daidaita farkonsu iya ƙoƙarinku, ku maimaita gwajin. Wani sauti zai rage, komai ƙoƙarin da kuka yi na tafa su iri ɗaya. Abin da ya rage ɗin nan shi ne bambancin da kunne ya saba ji tun ana yaro. Idan ya rasa shi, nan take yake gane na'ura ce. Shi ya sa samfur ɗaya da aka jera da sauri yake fita kamar ɓarin mashinga, kuma da wannan sunan masu haɗa kiɗa suka san matsalar.

3. Matakan ƙarfi

Samfila mai sauƙi, idan ta ga ƙarfin bugu 40 a maimakon 120, rage sauti kawai take yi. Sai a ji bugu mai kaifi da aka yi wa ƙasa da murya, alhali bugu mai taushi launinsa daban. Maganin shi ne a ɗauki gangar a ƙarfi daban-daban, a raba wa kowane samfur yankinsa. Misali, 1 zuwa 40 bugu mai taushi, 41 zuwa 80 matsakaici, 81 zuwa 110 mai ƙarfi, 111 zuwa 127 na ƙure ƙarfi. Idan ana jin tsalle a kan iyakar mataki biyu, samfila da yawa suna ba da damar a sa ɗaya ya riƙa narkewa cikin ɗaya.

Wanda samfur ɗaya kawai gare shi ma yana da dabara. A cikin samfila akwai matacin sauti mai tare siraran muryoyi ya bar masu kauri su wuce. A ɗaure shi da ƙarfin bugu, ta yadda bugu mai taushi zai rufe matacin, mai ƙarfi ya buɗe shi. Haka nan ana iya sa bugu mai taushi ya fara kunna samfurin daga ɗan gaba kaɗan, ya tsallake kaifin farko. Duka biyun kwaikwayon abin da muka gani ne a kan fata.

Sannan a duba yadda ake rarraba ƙarfin. Makaɗi yana nauyaya wasu bugu yana sassauta wasu bisa tsarin kiɗan. A jerin hayhat, wanda ya faɗa a kan bugun awo, wato bugun da ake ƙirga kiɗa da shi, zai iya zama 100, na tsakani 65, na gaba 85, na bayansa 60. A tsakanin manyan bugun siniya kuma akwai 'yan ƙanana da gula ke ɗan taɓawa, masu ƙarfin 20 zuwa 40. Da ƙyar ake jinsu, amma idan aka cire su sai kiɗan ya zama fayau.

4. Karɓa-karɓa

Ko an raba matakai, bugu huɗu masu ƙarfin 90 a jere samfur ɗaya za su kira. Don haka a kowane mataki ake ɗaukar bugu da yawa, samfila ta riƙa kunna su bi da bi: na ɗaya, na biyu, na uku, har ta zagayo. Mataki 4 da bugu 6 a kowanne ya ba da samfur 24 na ganga guda.

Ku lura da wani tarko. Idan samfuran huɗu ne, kiɗan kuma yana zagayowa a bugu huɗu, to kowane samfur zai riƙa faɗawa a gurbi ɗaya kullum, kunne ya sake kama maimaicin. A yi amfani da biyar ko bakwai, ko a sa samfila ta riƙa zaɓa da ka amma kada ta kira ɗaya sau biyu a jere. Idan samfuran ba su da yawa, ana iya sa ta ta riƙa ɗan gusar da murya sama ko ƙasa a kowane bugu. Tazarar da ke tsakanin maɓallai biyu maƙwabta na fiyano an kasa ta kashi 100. Gusawar kashi 5 zuwa 10 ta wadatar.

5. Lokaci

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka mu yi lissafi. A gudun bugu 120 a minti, tsakanin bugu da bugu milisakan 500 ne, wato rabin daƙiƙa. Rabin bugu 250, rubu'insa 125. Manhaja tana iya jawo kowane bugu ta ɗora shi daidai kan layukan da ke nuna waɗannan rabe-raben lokaci, abin da ake kira kwantayiz. Kunne kuwa yana da kaifi ƙwarai a nan: Anders Friberg da Johan Sundberg na Sitokholm sun nuna a 1995 cewa a jerin sauti mai sauri, mutane suna gane gocewar kusan milisakan 6.

Gocewar makaɗi daga layi iri uku ce, kuma dole a bambance su.

Ta farko ita ce rangaji, wanda ake yi da gangan kuma yana maimaituwa. A ɗauki rubu'i biyu a jere, jimlarsu milisakan 250. Idan an raba su daidai, kashi 50 cikin 100 ke nan, 125 da 125. A kashi 58, na farko ya ci 145, na biyu 105, wato an jinkirta bugu na biyu da milisakan 20. A wajen kashi 66, na farko ya kusa ninka na biyu. Roger Linn ne ya shigo da wannan tsari cikin na'urorin ganga, kuma Akai MPC60 da ya tsara, wadda ta fito a 1988, tana ba da rangaji daga kashi 50 zuwa 75.

Ta biyu ita ce matsayin kowace ganga. Siniyar da ke zuwa bayan layi da milisakan 10 ko 15 a kowane zagaye tana sa kiɗa ya kwanta, ya yi ƙasaita. Hayhat da ke ɗan riga layi yana sa a ji ana gaggawa. J Dilla na birnin Ditiroyit, wanda ya rasu a 2006, ya yi suna da wannan a kan MPC3000: wata ganga ta riga, wata ta makara, har makaɗa na gaske suka koma koyon salon da ya fitar da na'ura. Na'urar tasa tana gidan tarihin Baƙar Fatar Amurka na Smithsonian a Washinton.

Ta uku ita ce 'yar gocewar da makaɗi bai yi niyya ba. Yawancin manhajoji suna da maɓallin da ke watsa bugu gaba da baya da ka, da sunan kwaikwayon wannan. Holger Hennig da abokan aikinsa na cibiyar Max Planck da ke Gotingen a Jamus sun binciki lamarin, suka buga sakamakon a 2011. Cikin waɗanda suka auna har da wani makaɗi ɗan Gana da ke bin na'urar awon lokaci. Sun tarar gocewarsa tana da tsari: idan ya fara riga awo, yakan ci gaba da rigansa na ɗan lokaci kafin ya komo a hankali, kuma bugun yanzu yana da alaƙa har da waɗanda suka wuce da nisa. Da suka kunna wa masu sauraro waƙa ɗaya iri biyu, ɗaya an watsa bugunta da ka, ɗaya an gusar da shi bisa irin wannan tsari, masu sauraron sun fi son ta biyu. A 2015 kuma Esa Räsänen na Tamfere a Finlan da abokansa suka auna bugun hayhat na Jeff Porcaro a wata waƙar Michael McDonald ta 1982, suka sami irin wannan tsari a lokacin bugun da kuma ƙarfinsa.

Abin da za ku ɗauka a aikace shi ne: ku buga da yatsunku a kan fiyano ko faifan bugu, sannan ku yi kwantayiz na kashi 50 ko 60 cikin 100, wanda zai matso da bugu kusa da layi ba tare da ya shafe halin hannunku ba. Idan da linzamin kwamfuta kuke jerawa, ku gusar da bugu rukuni-rukuni, misali a ɗan matsa gaba yayin tunkarar amshi, a ɗan lafa bayansa. Maɓallin watsawa kuwa kamar gishiri yake a miya: milisakan 2 ko 3 sun isa, idan ya yi yawa sai a ji kamar ɗan koyo ne ke kiɗan.

6. Jikin makaɗi da ɗakin kiɗa

Makaɗi hannu biyu gare shi da ƙafa biyu. Idan kun jera hayhat da siniya da tom (ganga marar wayoyi da ake bugawa da gula) da babban faranti a lokaci guda, kun rubuta abin da ba mai iya bugawa, kuma mai sauraro zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai san dalili ba. Lokacin da hannuwa suka tafi zagayen tom, hayhat na hannu ya tsaya. A bugu mai sauri hannuwa suna karɓeɓeniya, kuma na dama da na hagu ba ƙarfinsu ɗaya ba, don haka a ba su samfura daban da ƙarfi daban. Idan hannu biyu suka sauka a ganga biyu tare, a bar 'yan milisakan tsakaninsu.

Hayhat ba ya zama a buɗe da rufe a lokaci ɗaya. A samfila ana sa su rukuni guda, ta yadda na rufe zai katse ƙarar na buɗe da zarar ya shigo, kamar yadda feda ke yi.

Gangunan kuma a ɗaki ɗaya suke. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka makirfon da ke nesa da siniya da mita ɗaya yana jin ta bayan kusan milisakan 3. Idan aka taka kik, wayoyin siniya suna ɗan yin zirr. Samfuran da aka tsinto daga wurare daban-daban ba su da wannan haɗin. A tura su duka cikin amsa-kuwwar ɗaki guda, kaɗan, domin su zama 'yan gida ɗaya.

7. Aikin gwaji: kalangu a cikin samfila

Situdiyoyin Kano da Kaduna sun daɗe suna haɗa kiɗan waƙoƙin fim da fiyanon Yamaha da kwamfuta, kuma gangunan da ke zuwa cikin waɗannan kaya galibi na wasu ƙasashe ne. Kalangu, wanda Mamman Shata ya yi waƙa da shi, yana gwada duk abin da muka koya, har da ƙari. Makaɗinsa yana matse igiyoyin da ke haɗa fatun biyu a hammata, fata ta miƙe murya ta hau, ya saki ta sauko. Da haka kalangu ke bin karin sautin Hausa har a ji yana magana.

Ku nemi makaɗi, ku yi yarjejeniya da shi a kan haƙƙinsa da yadda za a yi amfani da bugunsa, sannan ku ɗauka a ɗaki marar hayaniya. Ku ɗauki murya 4 daga sake zuwa matse, kowace a ƙarfi 3, kowane ƙarfi sau 5. Samfur 60 ke nan. Ku ƙara da bugun da murya ke hawa ko sauka bayan gula ta sauka, ku ɗauke su daban. Idan aka ja samfur ɗaya sama da na'ura, komai na cikinsa ne ke hawa, har da amon icen gangar da na ɗakin, alhali a gaske fata ce kawai ke miƙewa. Daga nan ku roƙe shi ya yi kiɗa na minti ɗaya, ku ɗora a manhaja ku duba inda kowane bugu ya faɗa a kan layuka. Abin da kuka gani shi ne rangajin da za ku bi wajen jera samfuranku.

Taƙaitawa

Bugun mutum yana bambanta ta fuskar launi, ƙarfi da lokaci. Launi ana samunsa da matakan ƙarfi, matacin sauti da karɓa-karɓa. Ƙarfi ana rarraba shi bisa tsarin kiɗa da halin hannuwa. Lokaci kuma ana gyara shi da rangaji, da matsayin kowace ganga, da gocewa mai bin juna. Akwai kiɗan da daidaiton na'ura shi ne adonsa, kamar wanda aka gina a kan Roland TR-808 ta 1980, kuma wannan zaɓi ne mai kyau a wurinsa. Amma idan hannun mutum ake nema, kafin ku gusar da kowane bugu ku tambayi kanku abin da zai sa makaɗi ya buga shi haka.

Tambayoyi da aikin gida

1. A gudun bugu 100 a minti, milisakan nawa ne rubu'in bugu? Idan aka sa rangaji na kashi 60, da milisakan nawa za a jinkirta rubu'i na biyu?
2. Ku bayyana dalili biyu da suka sa rage sautin bugu mai ƙarfi ba ya mayar da shi bugu mai taushi.
3. Me zai faru idan aka yi karɓa-karɓa da samfur huɗu a kiɗan da ke zagayowa a bugu takwas? Ta yaya za a gyara?
4. Ku haɗa kiɗa na daƙiƙa 30 iri uku: ɗaya a kan layi daidai, ɗaya da watsawar milisakan 20 da ka, ɗaya da kuka buga da hannu kuka yi masa kwantayiz na kashi 50. Ku kunna wa mutum biyar ba tare da kun gaya musu wanne ne wanne ba, ku rubuta wanda kowa ya zaɓa da dalilinsa, ku zo da sakamakon darasi na gaba.